Agogon da muka bari a ƙofar masallaci



Takardar gayyatar ta ce ƙarfe goma na safe. Mu muka rubuta ta, mu muka buga mata hatimi, don haka ba mai ce mana alƙalami ne ya zame. Goma saura kwata an share zaure, an shimfiɗa tabarmi, an jera kujerun dattawa. Wanda ya fara sallama wani tela ne da ya rufe shagonsa a Aboabo ya taho, sai wata gwaggo mai koko da ƙosai da ta bar wa jikarta kasko a kan wuta. Sha ɗaya ta buga, sha biyu ta buga. Daga nan manya suka soma shigowa ɗai-ɗai, kowa yana aiko yaro ya leƙa masa ko wanda yake ganin bai kai shi ba ya riga ya zauna. An buɗe taro da addu'a ƙarfe ɗaya saura, ba a gama gaishe-gaishe ba ladan ya kira azahar. Abin da ya biyo baya shi ya sa muka ɗauki alƙalami yau. Zauren nan kaf ya miƙe lokaci guda, kuma cikin mutanen da suka shanya tela da gwaggo kusan awa uku ba wanda ya rasa kabbarar harama.

Shekaru da dama muna riƙe da littafin zaman majalisar wani dattijo a zangon Kumasi, kuma sai da muka nemi izininsa kafin mu fitar da wannan magana. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce mu rubuta, amma mu sa har da shi cikin masu laifi. To, mun sa shi, mun kuma sa kanmu. Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, a gafarce mu. Abin da za mu faɗa ya daɗe yana yawo a bakin matasa a bayan idonku, kuma gara ku ji shi daga na gida.

Ana yawan cewa mu mutane ne da ba su san lokaci ba. Mu kanmu mun karɓi zancen, muna maimaita shi muna dariya, kamar wata kyakkyawar al'ada ce da muka gada. Wannan magana ƙarya ce. A garin nan ba al'ummar da ta fi mu sanin lokaci. Alfijir a Kumasi yana ketowa tsakanin ƙarfe huɗu da rabi da biyar da 'yan mintoci duk tsawon shekara, kuma kafin kasuwar Kejetia ta buɗe ido masallatanmu sun cika sun watse. A watan azumi yaro ɗan shekara goma ya san mintin da za a sha ruwa, zai ma gyara wa babba in ya yi kuskure. Maniyyacin da aka sanya wa ranar tashi daga Tamale ko Akara, tun kafin ranar yake tarewa a sansanin alhazai da jakarsa a ɗaure. In an ce jana'iza bayan la'asar, to bayan la'asar ɗin ce, wanda ya makara sai dai ya tarar ana dawowa daga maƙabarta.

Ashe ke nan lokaci mun san shi sarai, zaɓe muke yi. Muna cika alkawari ga wanda muke tsoro da wanda muka san ba zai jira mu ba. Wanda muke shanyawa kuwa shi ne wanda muka tabbata ba shi da yadda zai yi da mu: talaka, da mace, da yaro, da mai neman sa hannunmu a takarda. In ana son a san matsayin mutum a idon wani babba, a duba tsawon zaman da ya yi a ƙofarsa. Wannan raini ne, ko da an naɗa masa rawani an kira shi girma.

A yi lissafi kaɗan. Mutum ashirin in suka jira mutum ɗaya awa biyu, an ƙona awa arba'in, wato aikin mako guda cur na ma'aikaci. Da wani ya sa hannu a aljihun tela ya zare kuɗin ɗinkin yini guda, da mun kira shi da sunan da ya dace da shi. Amma wanda ya cinye masa yinin gaba ɗaya, tashi muke yi mu ba shi kujera muna ce masa sannu da zuwa. Haƙƙi ne wannan, kuma ba mu ga ayar da ta yafe shi don mai cin sa yana da furfura ba.

Abin takaicin shi ne sunan unguwarmu kansa yana ƙaryata mu. Mece ce zango? Masaukin ayari ne, inda fatake ke sauke kaya bayan tafiyar yini. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, da zango suke auna hanya: yau a kwana nan, gobe a kwana can, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu da Zugu, su faɗo Salaga bayan watanni. Ayarin da ke ɗauke da ɗaruruwan mutane da jakuna, da kanwa da tufafi da fatu, ba ya tafiya da "in mun shirya ma tashi". Madugu ke sa lokaci, jagaba ya wuce gaba duba hanya da masauki, uban dawaki ya tara kuɗin fito da na sarakunan hanya, malamin ayari ya riƙe alƙalami da lissafi. Tun da duhu ake ɗaura wa jakuna kaya don a ci hanya kafin rana ta yi zafi. Wanda ya tsaya barci ya rabu da ayari, wanda ya rabu da ayari kuma ya zama rabon 'yan fashi. Abin lura a nan shi ne madugu, wanda shi ne babba, shi ke riga kowa tashi. Ba a taɓa jin madugun da ya nuna isa ta hanyar barin ayari tsaye a rana yana jiran ya gama shafa turare ba. Da ya yi haka sau biyu, baɗi ba mai bin sa.

Kayan da suke komawa da shi ma malami ne. Goro ba ya yafe sakaci. Dole a riƙa kwance huhu a kai a kai, a tsince wanda sankara ta taɓa, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ganye mai laima. Falken da ya ce yau ya gaji, gobe ma ya gaji, zai isa Kano da busasshen itace. Ba wata rana ɗaya ta bajinta da ke kai goro kasuwa lafiya. Ƙaramin aiki ne mai gundura, ana yin sa ana maimaitawa har a isa gida. Dukiyar da ta kafa zangunan Salaga da Yandi da Kintampo da Kete Krachi, daga baya kuma Kumasi da Akara, da irin wannan hali aka tara ta.

Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, almajiri ne kafin ya zama falke, kuma a wannan hanya ta goro tsakanin ƙasar nan da Kano ya kafa jarinsa. Kowa yana son ba da labarin raƙuma ashirin na kuɗin azurfa da ya kai banki a Kano a 1929. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi shekara nawa aka yi ana ƙirga kwabo da sisi kafin a ɗaura wa raƙuman kaya. Jikoki da tattaɓa-kunnensa har yau ana jin sunansu a harkar kasuwanci. Mu kuwa mun riƙe labarin raƙuman, mun yar da ƙirgar.

Ga kuma makarantar allo, wadda yawancinmu a cikinta muka buɗe ido. Ba mu san wata makarantar horar da kai da ta fi ta tsanani ba. Kolo ya tashi da asuba ya ɗauki allo, ya biya, ya maimaita har ya zauna, malam ya saurara, a ba shi izinin wankewa, ya rubuta na gaba. Ba tsallake, ba kuma a ƙara maka sai ka riƙe na hannunka. Alhamis da Juma'a ne kaɗai hutu. Izu sittin ne, kuma mai karanta izu biyu kullum yana sauka duk wata, sau goma sha biyu a shekara, ba tare da ya taɓa yin wani abin a zo a gani a rana ɗaya ba. Gardin da ya zama alaramma har ya rubuta Alƙur'ani da ka, yau da gobe ce ta kai shi, wadda aka ce tana sa allura ginin rijiya. Tambayar da muke yi wa kanmu ita ce: mutumin da aka gina a kan wannan tsari tun yana ɗan shekara biyar, yaya aka yi da ya girma ya hau kujerar jama'a ya kasa riƙe alkawarin ƙarfe goma? Inda muke tuɓe takalma a ƙofar masallaci, nan muke ɗaukar agogo mu shiga da shi. In mun fito sai mu ajiye shi mu sa takalmanmu.

Matasa, kada ku yi saurin tafi, ku ma akwai naku. Muna ganin ku da littattafan gyaran hali da ake jerawa a bakin titi a Adum, waɗanda wasu mutanen Amurka da Kanada suka rubuta suna cewa sirrin ɗaukaka shi ne tashi ƙarfe biyar na asuba. Ba mu raina littattafan ba, akwai magana mai amfani a cikinsu, kuma wanda ya karanta ya fi wanda bai karanta ba. Amma abin dariya ne a sayar wa jikan mai kiran assalatu sirrin tashi da asuba, ya biya kuɗi ya saya, ya ɗauki hoton bangon littafin ya liƙa a WhatsApp ƙarfe biyu na dare yana zaune a majalisar ataya. Wanda bai kwanta ba ba zai tashi ba. Kuna zargin dattawa da ɓata wa jama'a lokaci, kuma kun yi gaskiya. To, ƙungiyoyinku na samari da kuka kafa, ƙarfe nawa kuke fara taro? Kuɗin wata-wata da kuka yanke wa kanku, wata nawa aka yi ana biya kafin littafin ya ɓace? Mun halarci bikin ƙaddamar da ƙungiyoyi da yawa a zangon nan, da riguna iri ɗaya da lasifika da babban baƙo. Ba mu cika samun gayyatar cikarsu shekara uku ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mun yarda, laifin farko namu ne. Sai dai mai shekara talatin ya wuce a ce ba shi da alhakin kansa.

Za a kawo hanzari, kuma wasu suna da nauyi. Za a ce babba juji ne, ƙofarsa a buɗe take, ba shi da ikon cewa lokacinsa nasa ne. Ya sa hula zai fita sai ga matar da mijinta ya rasu da kuka, ko maƙwabta biyu da rikicin kwata. Ya kore su don agogo? A'a, kada ya kore su. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa tana cikin abubuwan da muka fi wasu al'ummu da su, ba ma fatan ranar da talaka zai cika takarda kafin ya ga mai unguwarsa. Amma mu da ke zaune a bakin ƙofar mun san gaskiya. Sau ɗaya cikin da yawa ne mai kuka ke tsare dattijo. Sauran lokutan hira ce da ba ta ƙarewa, da karyawar da aka jinkirta, da jiran a ce kowa ya hallara. Kuma ko da uzurin gaskiya ne, waya tana aljihu. Aika saƙo cewa a fara, wane ya wakilce ni, ba ya rage wa kowa girma. Dattijon da ya ware safiya don masu ƙorafi, ya bar hantsi don fita, ya fi yi wa mai kukan adalci, domin ta san lokacin da za ta same shi a zaune.

Za a kuma ce gaggawa aikin Shaiɗan ce, wani jinkirin ma alheri ne. Nitsuwa wajen yanke hukunci daban, saɓa alkawari daban. Kowa cikinmu ya san inda malamai suka ajiye saɓa alkawari cikin alamomin munafunci, ba sai mun tuna wa kowa ba. Mafi muni shi ne yadda muka mayar da "in sha Allahu". Kalma ce ta mai niyya wanda ya san ikon ba nasa ba ne. A bakinmu ta koma ƙofar baya, har maƙwabtanmu Asante da ke hulɗa da mu sun gane cewa in ɗan zango ya faɗe ta da wata irin murya, kada a dafa abinci da shi. Mu muka jawo wa kalmar wannan, kuma ya isa abin kunya.

Akwai ɗabi'a ta biyu da ta ɓace mana tare da ta farko, ita ce rubutu. A nan za a ce magatakarda yana yabon sana'arsa, to a ce. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano ya zo Salaga, ya rasu a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi kan yadda ake rubuta wasiƙa. Da Jamusawa suka zo, a wurinsa jami'insu Adam Mischlich ya nemi sanin Hausa da tarihin ƙasashenmu, kuma abin da malamin ya rubuta har yau masu bincike suna cin moriyarsa. Mutanen da suka kafa zangunan nan masu tawada ne. Sarakunan Asante kansu sun riƙe malamai Musulmi a fada saboda alƙalaminsu tun kafin Turawa su ci Kumasi. Yau a majalisunmu ana yanke magana kan fili ko gado ko kuɗin masallaci, a tashi ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Bayan shekara biyu shaidu uku su kawo labari huɗu. Rubuta abin da aka yi yau, yau ɗin nan kafin a kwanta, aikin minti goma ne. Rashinsa ya raba zumuncin da aka yi shekara hamsin ana ginawa.

Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa sanin darajar takarda. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda zanguna suka zama kufai, yadda aka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, yadda mutanen da ba su san wata ƙasa ba sai wannan suka hau manyan motoci zuwa inda ba su taɓa gani ba. Ba mu ce takarda tana hana zalunci ba, ba mu kuma ɗora wa waɗanda abin ya shafa laifi ba. Muna cewa al'ummar da ta ga wannan da idonta bai kamata bayan shekara hamsin a same ta da 'ya'ya marasa takardar haihuwa da filaye marasa takardar mallaka ba. A 2017 an kafa asusun raya zanguna da doka. Ko me mutum zai ce game da shi, asusu irin wannan da rubutacciyar buƙata yake aiki, da ƙiyasin kuɗi, da ranar rufe karɓa. Unguwar da shugabanninta ba su saba da waɗannan ba za ta ji labarin rabo a rediyo.

Bari mu faɗi wanda ya fi ci mana rai, ko da yake tonon asirin kanmu ne. Wata shekara muna neman ƙarin fili don maƙabarta, domin tsohuwar ta cika har ana tono ana tarar da ƙashi. Bayan doguwar bibiya wani ofishi ya ba mu ƙarfe tara na safiyar wata Talata. Tun daren Litinin muka haɗa takardu. Da safe aka tsaya jiran mutum ɗaya wanda aka ce ba zai ji daɗi ba in aka tafi ba shi. Da ya iso aka tsaya gardamar wa zai shiga motar gaba. Mun isa sha ɗaya saura. Ma'aikacin ya jira mu fiye da awa guda kafin ya fita wani aiki, ba mu da abin da za mu zarge shi da shi. Aka sake ba mu rana bayan watanni, kafin ta zo wasu da suka fi mu shiri sun shigar da tasu buƙata a kan filin. A hanyar dawowa wani daga cikinmu ya ce Allah bai nufa ba, kowa ya amsa da haka ne. Mu ma mun amsa. A daren muka buɗe littafi za mu rubuta abin da ya faru, muka rasa yadda za mu rubuta cewa ƙaddara ce ta hana mu tashi ƙarfe takwas. Har yau gawarmu nesa ake kai ta, kuma kuɗin motar talakawa ke haɗawa.

Shugabancin zango ba shi da 'yan sanda, ba shi da kurkuku, ba shi da baitulmali. Abin da kawai yake tsaye a kai shi ne jama'a su yarda cewa in dattijo ya faɗi magana haka za ta kasance. Wannan yarda kuwa a ƙananan abubuwa ake tara ta, kuma a nan take zubewa. Wanda ya ce goma ya zo ɗaya, ya koya wa jama'a cewa maganarsa tana da ragi kamar farashin kasuwa. Gobe in ya ce a kwantar da hankali kada a ɗauki doka a hannu, da wannan ragin samari za su saurare shi. Muna kukan yaran yanzu ba sa jin maganar manya, alhali shekara da shekaru muna nuna musu cewa mu ma ba ma jin tamu.

Ga abin da aka yanke a majalisarmu, kuma an rubuta. Za a buɗe zama a kan lokacin da takarda ta faɗa da duk wanda ya hallara, ko mutum uku ne. Wanda ya shigo bayan an buɗe zai zauna inda ya samu wuri, ba za a katse magana don gaishe shi ba, za a kuma rubuta lokacin shigowarsa a gefen sunansa, a karanta a zama na gaba. Kafin a shafa fatiha za a karanta abin da aka yanke da sunan wanda aka ɗora wa kowane aiki da ranar da zai kawo bayani. Wasu dattawa biyu sun ce wannan bidi'ar 'yan boko ce. Maigida ya ce musu a wurin madugai aka aro ta, kuma sunansa za a fara rubutawa in ya makara.

Zama na gaba Asabar ce, ƙarfe goma na safe. Mun riga mun ja sabon layi a littafi don rubuta lokacin isowa. Mun aika wa gwaggo mai koko da telan Aboabo takarda ta musamman da ban haƙuri. Gwaggo ta ce za ta zo. Tela ya ce shi ma zai zo, amma ba zai rufe shago ba sai yaronsa ya leƙo ya ga Maigida zaune a kan kujera.